Ƙafar Fijo a Hanyar Konduga

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Tashar Bama a Maiduguri, ta ratsa Dalori ta nufi Konduga, in dai yana da idon mota, zai lura da wani abu game da tsofaffin motocin da ke kai da komowa a kanta: da wuya a ga wadda ke tsaye daidai. Wannan hancinta ya duƙa, waccan ta karkata ɓangaren direba, wata kuma bayanta ya zauna saboda buhunan gawayi da ɗaurin itace da aka jibga mata har sama da rufi. Volkswagen Golf da Keke Napep sun daɗe da kwashe yawancin fasinjoji, amma har yau ba a rasa Fijo 504 nan da can, musamman akori-kura, tana tafe a hankali da kayan gwari daga gonakin rani na bakin Alau.

Masu waɗannan motoci ba injin suka fi kuka da shi ba. Injin Fijo in yana samun baƙin mai da ruwa kan lokaci, yakan yi shekara da shekaru ba a buɗe shi ba. Ƙafa ce ke gajiya, wato sifirin da shok da ƙarafa da robobin da ke tsakanin taya da jikin mota. Ta gaba kuwa ta fi shan wuya, domin ita ke ɗauke da injin, ita ke juya mota, ita ce kuma ke fara faɗawa kowane rami.

Mutum biyu ne ke zuwa wurin mai gyaran ƙafa da buƙatun da suka saɓa wa juna. Na farko direban haya ne, motarsa ta zauna, cikinta na gugar ƙasa, yana so a ɗaga masa ita. Na biyu matashi ne a cikin gari, ya gaji tsohuwar motar mahaifinsa ko ya same ta da araha, ya ga hotunan motocin ƙetare a Instagram da TikTok, yana so a sauke masa ita har taya ta kusa shigewa cikin bodi. Abu ɗaya ya haɗa su: kowannensu kuɗin hannunsa kaɗan ne. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo, kalmar da bakanike ya fi ji daga bakin masu mota ita ce a ɗan lallaɓa.

Lallaɓawa ba laifi ba ce. Akwai wuraren da za a rage kashe kuɗi a ƙafar mota ba tare da an cuci kowa ba, akwai kuma inda ragin naira kaɗan ke jefa rayukan mutum takwas cikin haɗari. Sanin bambancin nan shi ne duka aikin.

Ita 504 ba da ka ta yi suna ba. An fara nuna ta a Faris a 1968, 'yan jaridar motoci na Turai suka zaɓe ta gwarzuwar motar shekarar 1969. A 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya lashe tseren Safari na Kenya da ita, Hannu Mikkola na Finlan kuma ya ci na Maroko a shekarar. A 1975 ɗin ne dai masana'antar Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, ta fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, nan da nan 504 ta zama motar gwamnati, motar sarakuna, motar malaman makaranta da suka samu bashin mota, daga baya ta zama motar tasha. Turai ta daina ƙera ƙaramar motar, ba akori-kura ba, a 1983, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, Kaduna ce ta ƙarshe, a tsakiyar shekarun 2000. A wasu ƙasashe yanzu kayan tarihi ce da ake ajiyewa a goge da ƙyalle. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmoud Ahmadinejad, aka ruwaito cewa an taya ta dala miliyan 2.5. A Borno kuwa har yanzu abincin gida take nemowa.

Abin da ya ba ta wannan tsawon rai a Afirka yana ƙarƙashinta ne. An yi ta da tsayi daga ƙasa, an ba ta sifirin mai laushi da doguwar tafiya, ta yadda taya za ta nutsa cikin rami ta fito, jikin motar bai ji ba sai kaɗan. Sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa tayoyin baya ma a cikin bututun ƙarfe aka rufe ta, dutse da yashi ba sa kai mata.

Ƙasar Konduga kuwa tana gwada kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Maiduguri da Konduga da Bama suna zaune ne a kan wani dogon tudun rairayi da masana ke kira Tudun Bama, tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi ce tun zamanin da tafkin ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Da zarar mota ta sauka daga kwalta ta nufi ƙauye ko gona, yashi ne, tayoyin manyan motoci sun haƙa layi biyu sun bar tudu a tsakiya. Can gaba kuma baƙar lakar nan ce da Barebari ke kira firgi, wadda ke tsattsagewa da rani ta zama danƙo da damina. Kwaltar kanta ta ga rayuwa. An rufe hanyar Maiduguri zuwa Bama zuwa Banki a 2014 lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, ba a sake buɗe ta ga jama'a ba sai a watan Maris na 2018. Sannan ga ambaliyar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Konduga, ta ɓalle ruwan kogin Ngadda ya mamaye unguwannin Maiduguri. Motoci da dama sun kwana a cikin ruwa. Masu su sun canja baƙin mai sun busar da kujeru da wayoyi, amma ruwan laka da ya shiga boris da mahaɗan ƙafa ba ya nuna kansa nan take. Sai bayan watanni tsatsa ke fara magana.

Tsarin gaban 504 ba mai wuyar fahimta ba ne. Wani injiniya Ba'amurke, Earle MacPherson, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940, kuma Ford Consul ta Ingila ta 1950 na cikin motocin farko da suka yi amfani da shi. Yau kusan duk ƙaramar mota da shi take tafiya. A kowane gefe akwai ginshiƙi guda a tsaye. Cikinsa shok ne, sifirin mai murɗi ya naɗe shi ta waje, kansa na ɗaure da jikin mota a ƙarƙashin bonet ta hanyar wata roba mai kauri da boris, gindinsa kuma na riƙe da taya da birki. Daga ƙasa wani hannun ƙarfe ya taho daga tsakiyar mota ya kama ginshiƙin da bol join, ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwanonsa, yana juyawa kowace fuska kamar ƙashin kwatangwalo. Inda hannun ya haɗu da jikin mota akwai bushin na roba. Sai sandar da ke haɗa hagu da dama don rage tangaɗi a kwana, sai tayarod da ke kawo umarnin sitiyari zuwa taya.

A nan ne ake yawan yin asarar farko. Mai mota ya ga gabanta ya zauna, sai ya tafi kai tsaye ya sayo shok. Alhali shok ba ya ɗaukar nauyi. Sifirin ne ke ɗauka, aikin shok kawai ya kashe tsalle, ta hanyar matsa mai ya bi ta ƙananan ƙofofi. Motar da ta zauna sifirinta ne ya gaji ko ya karye. Motar da ke ta rausaya bayan ta wuce rami, ita ce shok ɗinta ya mutu. Kuɗin da aka kashe kan wanda bai lalace ba sun tafi ke nan, matsalar kuma tana nan.

Gwanin bakanike ba ya fara da sifana. Yakan sa a ajiye motar a fili mai daidai, ya ɗauko awo ko igiya ya auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu da dama, ya ga ko akwai bambanci. Ya danna kusurwar motar da dukan ƙarfinsa ya saki: in ta taso ta tsaya, shok na da rai, in ta yi ta lilo, ya gama. Ya leƙa jikin ginshiƙin, in ya ga ƙura ta manne ta yi baƙi ta yi maiƙo, ya san mai na tsiyaya. Daga nan ya sa jak ya ɗaga, ya kafa wani abu mai ƙarfi ya tokare motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. Motsi a nan na boris ne ko bol join. Ya sake kamawa hagu da dama ya girgiza, in akwai ƙas-ƙas to tayarod ne ko sitiyari. Yaronsa ya sa doguwar sandar ƙarfe ƙarƙashin taya yana ɗagawa, shi kuma ya kwanta ya ɗora yatsunsa a kan mahaɗin, domin sau da yawa yatsa na jin abin da ido bai gani ba. A ƙarshe ya shafa tafin hannunsa a kan tayar. In ta cinye ta ciki ko ta waje kaɗai, tsayuwar ƙafar ta karkace. In ya ji tudu da kwari a jere, tayar ta daɗe tana tsalle a kan hanya ba shok da ke riƙe ta. Duk wannan bai kai rabin awa ba, bai kuma ci ko kwabo ba.

Abu mafi araha a duk ƙafar mota shi ne ya fi kashe ta. Kowane bol join da kowane kan tayarod yana da 'yar hular roba da ke riƙe giris a ciki ta hana ƙasa shiga. Zafin Borno na busar da ita, ƙaya ko kara ya tsaga ta, yashi da ƙurar hunturu su shiga su cakuɗe da giris, daga nan duk juyin sitiyari niƙa ƙarfen yake yi. Direban da ke leƙa ƙarƙashin motarsa ranar da ba ya lodi, ya canja hular da ta tsage ya ɗura sabon giris, zai iya shekaru bai sayi mahaɗi ba.

Bushin ma wuri ne da za a iya sassautawa. Masu yanka roba daga tsohuwar tayar babbar mota suna fitar da bushin da wuƙa da ƙusa mai zafi, kuma ga sandar hana tangaɗi ko maratayar salansa, aikinsu na yi. Ga hannun ƙasa kuwa na wucin gadi ne. Bushin na asali robarsa a manne take da bututun ƙarfe ciki da waje, murɗawa take yi ta dawo, na taya kuwa zamewa yake yi yana cin kansa, bayan ɗan lokaci ramin ya faɗaɗa, mota ta fara jan gefe in an taka birki. Wanda ya sa shi don ya kai ƙarshen wata bai yi laifi ba, muddin bai manta da shi a can ba.

Kan shok da sifirin, zaɓi uku ne a kasuwa: sabo na kirki mai tsada, sabo na jabu mai kwali mai kyau, da na Beljiyam da aka cire daga wata motar. Kayan na zuwa Maiduguri daga Kofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, da Nnewi. Makanikai da yawa sun fi yarda da tsohon asali a kan sabon da ba a san uwarsa ba, kuma suna da hujja. Sai dai shi ma na hannu sai an gwada. A tsayar da shok a miƙe, a ja a danna da hannu sau da yawa. Ya kamata a ji turjiya tun daga farko har ƙarshe, ba wurin da hannu ke zurmawa fanko. A duba sandarsa mai sheƙi, in tana da ƙurajen tsatsa za ta yaga robar da ke tare mai cikin 'yan makonni. Tsohon shok da ya sha sabon fenti kuma abin tuhuma ne, domin akwai masu huda matacce su ɗura masa baƙin mai su liƙe da walda su fesa. Mai kauri irin na injin ba ya bin ƙofofin shok yadda ya kamata, kuma kai wuta jikin shok mai iskar gas wasa da rai ne. A nan 504 ta fi motocin zamani sauƙi: ginshiƙinta ana kwance shi ta babban notin sama, a wanke, a sa mai da ya dace da sabuwar roba, ko a zura sabon ciki gaba ɗaya, ba sai an jefar da ƙarfen waje ba.

Inda babu ragi shi ne bol join da tayarod. Dabarun da ake yi musu sanannu ne: a daddaka bakin kwanon da guduma don ya matse ƙwallon, a cusa leda ko fata a cike gurbin da ya cinye, a yi wa tayarod da ya tsage walda, a gasa hannun ƙarfe da ya lanƙwashe a miƙar da shi, a sa ƙusa a madadin fil ɗin da ke hana noti kwancewa. Ƙarar takan ɗauke, mai mota ya biya ya tafi yana murna. Amma ƙarfen da ya cinye ya riga ya cinye. Ranar da ƙwallon ya fice daga kwanonsa, tayar kan kwanta gefe guda, hancin mota ya daki kwalta, sitiyari ya zama ba shi da amfani. Duk mai bin hanyoyin ƙasar nan ya taɓa ganin mota a haka. In a cikin gari ne ana tafiya a hankali, kunya ce da kuɗin janwe. In a kan gudu ne tsakanin Dalori da Konduga da fasinja cike, sai dai Allah ya kiyaye. Kuma wannan hanya ce da ba wanda ke son yamma ta same shi tsaye a kanta. Bakaniken da ya ce, Alhaji, wannan ba ya gyaruwa sai sabo, ba cinikin kaya yake nema ba, ya cancanci a saurare shi.

Akwai wani haɗarin da ba a cika magana a kai ba, saboda ba mai mota yake samu ba. 504 ta kai nauyin kilo 1,200, kowane sifirin gaba na ɗauke da kusan kilo 300, kuma ko an ciro ginshiƙin daga mota sifirin na nan a matse a cikinsa. Wanda ya kwance notin sama ba tare da ya kama sifirin da matsi na musamman ba, ya saki wannan ƙarfi gaba ɗaya a fuskarsa. A gareji da yawa waya ake ɗaure shi da ita ko igiya, ko a kwantar da shi ƙasa wani ya taka da ƙafa, kuma galibi ƙaramin yaron gareji ne ke riƙe da sifana. Matsin nan ƙarafa biyu ne masu zare da ƙugiya, kuɗinsa bai kai na jinyar yatsa ɗaya ba. In ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba zai fi ƙarfin reshen ƙungiyar makanikai ta NATA ko haɗin gwiwar maƙwabtan gareji ba. Iyayen da suka kai ɗansu koyon sana'a amana suka bayar.

Wurin haɗawa ma akwai ƙa'idojin da ba sa cin kuɗi. Shok da sifirin bibbiyu ake canja su, domin sabo a dama tsoho a hagu na sa mota ta karkata ta kuma ja gefe a birki. Notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye a kan jak, sai an sauke ta nauyinta ya zauna a kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta kasance a murɗe tun kafin a tashi, ta tsage da wuri. Sannan alaimen. Duk wanda ya taɓa tayarod ko hannun ƙasa ya canja inda tayoyi ke kallo. Na'ura ta fi, amma ko da igiya da aka ja daga tayar baya zuwa ta gaba, mai haƙuri na iya kusantar daidai. Tsallake wannan mataki na iya cinye sababbin tayoyi biyu a damina ɗaya.

Sai batun matashin nan mai son a sauke masa mota. Marmarinsa na da tarihi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samari 'yan asalin Meziko a gabashin Los Angeles suka fara sauke tsofaffin Chevrolet ɗinsu, wasu da buhunan yashi a but, wasu da yanke sifirin, suna tafiya a hankali don a kalla. A 1958 jihar Kalifoniya ta haramta motar da wani sashe nata ya fi gindin wili kusa da ƙasa. A 1959 wani mai suna Ron Aguirre ya fito da Corvette da ya sa wa famfon mai na tsofaffin jiragen sama, yana ɗaga ta yana sauke ta da maɓalli. Dokar ba ta faɗi ba sai a farkon 2024. Masu tsere kuma nasu dalilin daban ne: motar da nauyinta ke kusa da ƙasa ba ta cika kwanciya a kwana ba. Wannan gaskiya ne, amma a kan kwalta mai santsi, da sifirin da shok da aka ƙera tare don wannan tsayin. Kamfanonin da ke yin irin waɗannan sukan rage santimita 3 zuwa 4 ne kawai, kuma kafin kayan su iso Maiduguri kuɗinsu na iya kusantar kuɗin tsohuwar motar kanta.

Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi hanya biyu ake nuna masa. Ta farko a hura wa sifirin wutar walda har ya yi ja ya zauna. Wannan ɓarna ce tsantsa. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne an sanyaya bisa ƙa'ida don ya riƙa lanƙwasa yana dawowa, wuta na kashe wannan hali a inda ta taɓa. Hagu da dama ba za su zauna daidai ba, zai ci gaba da nutsewa, wata rana ya karye.

Ta biyu a yanke zagaye ɗaya da injin yankan ƙarfe. Ta fi ta farko dama, amma tana da lissafinta. Sifirin da aka rage wa zagaye tauri yake ƙarawa: mai zagaye 8 masu aiki in aka cire 1, taurinsa ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100. Ba kowane sifirin ke yankuwa ba, wanda bakinsa ke a daddale ko a tsuke ba zai sake zama a mazauninsa ba. In aka zarce, duk lokacin da taya ta rataya a rami sifirin na iya ficewa daga gurbinsa. Shok kuma da aka yi don doguwar tafiya yanzu a rabin hanya yake zaune, ɗan rami kaɗan ya kai ƙarshe ya daki robar tsayawa, dukan ya wuce kai tsaye zuwa kan ginshiƙi, inda bodin tsohuwar mota ya riga ya yi laushi da tsatsa. Saman tayoyi ya karkato ciki, su fara cinyewa ta ciki. Tayarod da ya kamata ya kwanta a miƙe ya koma a karkace, sai mota ta riƙa juya kanta duk lokacin da ta hau tudu. Fitilu ma sai an sake saita su.

A titunan tsakiyar Maiduguri da aka gyara, wanda ya rage santimita biyu ko uku, ya sa shok mai rai ya yi alaimen, zai iya jin daɗin motarsa, ya dai riƙa hawa tudun rage gudu a karkace. Ya nufi Konduga kuwa, ko ya sauka kwalta zuwa ɗaurin aure a ƙauye, abin da zai fara taɓa tudun yashin nan na tsakiya shi ne kwanon baƙin mai da salansa. Kwanon ya fashe, mai ya tsiyaye, in direba bai lura da jar fitila ba injin ya kama cikin 'yan mintoci. An sayi kwalliya da abin da ya sa motar ta kai shekara 40 tana aiki.

Ɗagawa fiye da kima ita ma ba kyauta ba ce, ko da yake direbobin haya ba sa son jin haka. Ana cusa guntun roba tsakanin zagayen sifirin, ana sa zobe a ƙarƙashinsa, ana ɗauko sifirin wata mota mai nauyi, a bayan akori-kura kuma a ƙara ganye ɗaya ko biyu. Motar ta tashi, ta ɗauki lodi ba ta zauna ba. Amma shok ya riƙa miƙewa har ƙarshe yana bugawa, tayoyin gaba su cinye ta waje, nauyi ya koma sama, ga buhuna a kan rufi, kwana ɗaya da gudu ta isa ta kifar da ita. A Golf da sauran masu jan gaba, ɗagawar na karkata shaf ya riƙa yaga robarsa. Birki kuwa yana nan yadda kamfani ya yi shi, ba wanda ya ƙara masa ganye.

Ga mafi yawan tsofaffin Fijo, abin da ake buƙata shi ne a mayar da su tsayin da suka fito da shi daga Kakuri, kuma hakan na ƙara wuya kowace shekara. Matattun 504 da a da ke jibge a bayan gareji ana cire musu kaya, yanzu 'yan gwangwan na saye su a kilo su tafi da su narkarwa, da ginshiƙansu da sifirinsu na asali. Mai Fijo da ya ci karo da lafiyayyun sifirin gaba guda biyu daga mota ɗaya, gara ya saya ya shafa musu giris ya ajiye ko bai buƙace su yau ba. Ƙaramar mota da wagon da akori-kura ba lallai sifirinsu ya zo ɗaya ba, don haka a tafi kasuwa da tsohon a hannu, a gwada kaurin ƙarfen da yawan zagaye da faɗi. Tsayi kaɗai ba ya isa shaida, tunda tsohon ya riga ya gajarce.

Bayan an gama aiki an biya, saura mataki ɗaya da yawancin direbobi ke tsallakewa. Sababbin robobi da sifirin sukan ɗan zauna bayan 'yan kwanaki a kan gargada, noti kuma na iya sassautawa. Bayan mako guda a koma gareji, a bi kowane noti da sifana, a tabbatar fil na nan a kan bol join da tayarod, a sake auna tsayin hagu da dama, a rubuta adadin a jikin murfin akwatin gaban mota. Ranar da awo ya nuna gefe ɗaya ya sauka da yatsa biyu, direba ya san sifirin ne, tun kafin ya kashe kuɗi kan shok.